Duba-gari a Ƙofar Gidan Kawu

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Lahadi ba, ko da kuwa zan manta sunan makarantar da ta ba ni takardar shaida. Na yi shekaru ina ƙoƙarin in manta, abin ya ƙi. Yanzu da furfura ta cinye kaina, na ga gara in faɗa da bakina, tunda dai mutanen ƙauyenmu sun daɗe suna faɗa a bayan idona, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Na gama koyon aikin tsafta, aka tura ni Makarfi a matsayin duba-gari. Yaran yanzu ba su san duba-gari ba. Mu ne masu shiga gida-gida da kaki, gajeren wando, doguwar safa da hular hana-salla, mu leƙa randa, mu duba masai, mu ɗaga murfin tukunya. Da an ce "ga duba-gari nan" sai ka ji mata suna kiciniyar zubar da ruwan da ya kwana. Ni kuwa sabon shiga ne, jini yana tafasa, ina ganin ƙasar nan an miƙa mana ita ne musamman don in share ta. (Na rantse haka nake ji a raina, ban ƙara komai ba.)

Babbar abokiyar gabata a lokacin ita ce ƙura.

Abin mamaki, kafin in shiga boko ba mu da wata rigima da ita. A cikinta muka tashi. Mutanenmu ma ba su cika haɗa ta da 'yan'uwanta a suna ɗaya ba. Wadda ake nomawa, ƙasa ce. In ta yi laushi a kan hanya har ƙafa tana nutsewa, turɓaya ce. Sai ta tashi ta shiga ido da hanci, ko ta sauka ta kwanta a kan kaya, sannan ake ce mata ƙura, ko da yake a bakin mai sauri duk ɗaya ne. Wani tsohon malami a Hunkuyi ya taɓa ce mini a ganinsa turɓaya 'yar'uwar turabu ce ta Larabci, abin da aka halicci kakanmu Adamu da shi. Na ce, "To, ƙura fa, Malam?" Ya shafa gemu, ya ce, "Wannan tamu ce. A gida muka tarar da ita."

Kuma da gaske ta zauna mana a baki. In rigima ta ɓarke mu ce an ta da ƙura, in an sasanta mu ce ƙura ta lafa. Wanda ya tsere ya bar mutane, sai a ce ko ƙurarsa ba a gani ba. Manomi yana tsaye a gona zai hango ta can nesa ya gaya maka ta mota ce, ko ta garken shanu, ko guguwa ce kawai ke wasa. Wanda ruwa ya yanke wa a daji kuwa, hannu yake bugawa a kanta ya yi taimama ya tsaya gaban Ubangijinsa. Duk na san wannan tun ina ƙarami. Amma ranar da wani malaminmu ya ɗora ɗan ɗigon ƙura a ƙarƙashin madubin likita, ya ce kowa ya zo ya leƙa, ya ce ga gidan tari, ga gidan ciwon ido, tun daga ranar na tattara duk abin da na sani na watsar. Ƙasa, turɓaya, ƙura, duk suka koma mini abu ɗaya: ƙazanta. Maganinta kuma mun haddace shi kamar karatun allo. A yayyafa ruwa, a share, a kwashe, a kai nesa.

To, ina da kawu, Kawu Tanimu, yayan mahaifiyata, a wani ɗan ƙauye can wajen Janfalan. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, har na kai shekara tara aka ɗauke ni zuwa makaranta a Zariya. Daga nan ƙauye ya koma mini wurin leƙawa da hutu, shi ma ba kowane hutu ba. Kawu mutum ne mai sanyin hali, ba ya ɗaga murya ko ga akuya. Abin alfaharinsa a duniya shi ne shanun huɗarsa guda biyu, Fari da Baƙi, da garmar da suke ja. Shekaru ya yi yana fafutuka kafin ya haɗa su, kuma da su ne ya buɗe babbar gonar da take ciyar da gidansa. Garmar shanu kuwa, ga wanda bai sani ba, ba ta tafiya da sa ɗaya.

Ranar da nake ba ku labari bazara ce, ƙasa ta bushe ƙarau, hadari ya fara leƙowa ta gabas, kowa yana gyaran gona. Na ce bari in je in gaida Kawu, ya ga abin da ɗansa ya zama. Ranar hutu ce, babu abin da ya haɗa ni da kaki. Amma na goge shi tun jiya da dutsen guga, na sa sabon takalmi, na ɗora hula, na hau keke. (In ka ce nuna kai na je yi, ba gaisuwa ba, ba zan kai ka ƙara ba.)

Na isa da hantsi. Unguwa tsit, babu namiji ko ɗaya a ƙofar gida. Na jingine keke na yi sallama a zaure. Inna Hajo, matar Kawu, ta leƙo.

"Wa nake ji kamar ɗan gidana? Lale, lale, maraba da mutanen birni!"

Na durƙusa, rabin durƙuso, don kada safata ta ɗauki ƙura.

"Ina kwana, Inna?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya gida?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Yaya Kawu?"

"Lafiya lau. Ya ɗan fita ne da mutanen unguwa, yanzu za su dawo."

"Yaya dabbobi?"

Ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "To, sai godiya."

Duk ɗan da ya tashi a gaban iyayensa ya san abin da wannan jim ɗin yake nufi. A wurinmu ba a tarar baƙo da mugun labari. Ko gawa ce kwance a ɗaki, sai an ce masa lafiya lau, ya zauna, ya sha ruwa, numfashinsa ya dawo, sannan a ce, "Sai dai haƙuri." Inna tana bin wannan ƙa'ida ne. Ni kuwa hankalina yana kan ko ta lura da hulata.

"Zauna nan zaure in dama maka fura," in ji ta. "Amma don Allah, ɗan nan, kada ka bi ta wajen turke. Kawunka ya ce kada a taɓa komai a can sai sun dawo."

Na ce to. Ban ce don me ba. Kalma biyu ce rak, da na faɗe su da ba ku ji wannan labari ba.

Tana shigewa can ƙuryar gida, na ji ta fara daka, sai na fito in ga abin da aka hana ni gani. Turken shanun yana gefen zaure, cikin wata 'yar dangar kara. Fari yana ɗaure yana tuƙa. Turken Baƙi babu kowa, na ce a raina an kai shi shan ruwa. Amma abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ƙasan wurin. Tun daga bakin turke har zuwa wata kafa da ta buɗe a jikin danga, har waje bakin hanya, an jera ƙore a kife. Ƙwarya, kasko, faifai, har da akushin tuwo, kowanne an ɗora masa dutse. Turɓaya kuwa ta kai idon sawu, ga alama ko tsintsiya ba ta ga wurin ba ranar.

Na girgiza kai irin na wanda ya yi karatu. Na ce camfi ne, wani ya ba Kawu asirin tsarin dabbobi. Na tsuguna na ɗaga ƙwarya ta farko. Babu komai. Na ɗaga ta biyu, babu komai. Na ɗaga kasko, nan ma babu laya, babu ƙwai, babu komai sai ƙura.

Wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo har yau. Ba wai ban duba ba. Na duba da idona biyu, ni da ake biya don dubawa, na ga babu komai.

Sai tausayin Kawu ya kama ni, irin tausayin da yake cike da raini. Na ce ba da baki zan koya musu ba, da aiki zan koya musu. Na kwashe ƙoren nan na jera su a gindin bango, babba a ƙasa ƙarami a sama. Na ɗauko tulun ruwan alwala na zaure na yayyafa wa wurin kaf, yadda aka koya mana, don kada ƙura ta tashi. Na ɗauko tsintsiyar kwakwa na duƙa. Na share gindin turke, na share hanyar danga, na fita waje na share har bakin hanya. Na tara turɓayar a kasko, sawu huɗu na yi ina kaiwa bayan gida. Kafar dangar ma ban bar ta ba, na ce sakaci ne, na samo kara na toshe ta na ɗaure. Fari yana kallona tun daga farko har ƙarshe. Da sa yana magana da ya yi ranar.

Da na gama, wurin ya yi sumul, sai zanen tsintsiya. Na tsaya ina shirya jawabin da zan yi wa Kawu. Har na yanke shawarar zan fara da yabo, kada ya ji kunya a gaban mutane.

Ba a jima ba na hango su tafe. Kawu a gaba, mai unguwa a gefensa, magidanta kamar goma a baya, sai wani tsohon Bafulatani siriri da sanda a kafaɗa, wanda daga baya na ji sunansa Baffa Sambo. Suna isowa suka tsaya cak, kamar an ja musu linzami. Wani ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Mai unguwa ya ce, "Wa ya yi wannan aiki?"

Na gyara hula na matso. "Ni ne, ranka ya daɗe. Wato ita ƙura, in aka bar ta kusa da inda mutane suke kwana..."

"Ɗana," in ji Kawu, a hankali, "an sace Baƙi daren jiya."

Bakina ya tsaya a buɗe da sauran jawabin a ciki.

Mai unguwa ne ya ƙarasa mini bayanin, da murya irin wadda ake yi wa ƙaramin yaro. Ɓarawo ya yanka danga ya ja sa ya fita. Da gari ya waye Kawu ya ga sawun mutumin raɗau a turɓaya, da na Baƙi a gefensa, sai ya yi abin da kowa yake yi: ya kifa wa kowane sawu ƙwarya, don kada iska ta share ko kaji su tone, suka tafi ruga neman mai bin sawu. Can gaba kaɗan hanyar ta faɗa burtali, inda garkunan Fulani suke ta wucewa arewa saboda damina ta kusa. A cikin dubban kofatai da ƙafafun makiyaya ba a gane komai, sai in mai bin sawu ya fara ganin ƙafar ɓarawon a fili, shi kaɗai, ya riƙe ta a kansa. Nan ƙofar gida ne kawai take a fili. Ita ce na kwasa sawu huɗu na kai bayan gida.

Mai unguwa ya ce, "Baffa, don Allah duba dai, ko Allah zai sa wani abu ya saura."

Tsohon ya matso. Ya tuɓe takalminsa, ya bi gefe-gefe, ya sunkuya, yana nuni da bakin sanda. Kowa ya zuba masa ido. Ni ma na sa rai, ina addu'a a zuci. Ya daɗe kafin ya ɗago.

"Akwai sawu," in ji shi. "Amma na mutum ɗaya ne, kuma bayan shara aka yi shi. Takalmin kanti ne, sabo, na dama yana cin sa a dunduniya." (Wallahi yana ci na, tun daga Makarfi.) "Da ya gama aikinsa ya zo nan ya tsaya. Ya ja da baya, ya sake tsayawa. Ya hau wancan dutsen don ya gani daga sama, ga inda ya diro. Nan kuma ya daɗe, ƙafa a ware, tsayuwar mai hannu a ƙugu. Sau uku ya zaga wurin. Sannan nan ya yi ta kai da komo, kamar mai haddar maganar da zai faɗa." Ya ɗora sandarsa a kafaɗa. "Ɓarawonku ban gan shi ba, mai unguwa. Amma wannan bawan Allah ya ji daɗin aikinsa ƙwarai."

Bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Ba don ya ci mini fuska ya yi ba, abin da ƙasa ta nuna masa ya faɗa. Da an yi dariya ma da na samu sauƙi. Babu wanda ya yi, sai wani da ya yi tari ya kau da kai. Ina tsaye a tsakiyarsu da kaki da hula, gumi yana bin bayana har cikin safa, ina jin ina ma ƙasar da na share ta tsage in shige. Ana cikin haka Inna ta fito zaure da ƙwaryar fura. Ta dubi filin, ta dubi ƙoren da na jera, ta dube ni. Ta ajiye furar a hankali ta koma ciki.

Na jira Kawu ya zage ni. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga hannu ya kwaɗa mini mari. Sai ya dubi wurin ya ce, "Shara dai ta yi kyau. Tun da aka kafa turken nan bai taɓa samun irinta ba. Allah ya yi maka albarka. Shiga ka sha furarka."

Sun bi burtali har la'asar, ba su samo komai ba. An cigita a kasuwar Makarfi, an cigita a Ikara, har Kudan aka aika. Baƙi ya tafi ke nan. Kwana goma sha wani abu ruwa ya sauka. Kawu ya haɗa Fari da san wani maƙwabci, amma sai maƙwabcin ya gama tasa gonar tukuna, ga shi damina ba ta jiran kowa. Rabin babbar gonar nan da garmar hannu Kawu ya huɗe ta, yana da shekara kusan sittin, sauran kuma ciyawa ta cinye. Duk Lahadi ina zuwa, ba kaki, in karɓi garma in shiga huɗa kunya a gona. Hannuna ya yi bororo ya fashe ya sake yi, kunyar da nake yi kuma a karkace, sai Kawu ya biyo baya yana gyarawa. Da kaka rumbu ɗaya bai cika ba. Mutanen ƙauye kuwa suka raɗa mini suna Share-sawu, har na yi aure na haifi 'ya'ya ana kirana da shi.

Abin ya zauna mini a rai fiye da shekara ashirin. Kawu bai taɓa tayar da maganar ba, ni kuma kunya ta hana ni. Sai da ya tsufa tukuf, idonsa ya yi rauni, wata rana da yamma muna zaune mu biyu a zaure, na yi ta maza na ce, "Kawu, maganar Baƙi. Ban taɓa neman gafararka da bakina ba. Ka yafe mini."

Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce, "Ka san ni na kifa ƙoren nan da hannuna?"

Na ce na sani.

"To, kafin in kifa sai da na kalla. Ni ba Sambo ba ne, amma ƙafar da ka saba gani a ƙofar masallaci ba ta ɓace maka. Na san ta. Da zafin rai na tafi ruga, mutane suna bina. Muna dawowa zuciyata ta fara sanyi. Na ga in Sambo ya bi sawun nan, gidan da zai kai mu, daga ranar zumunci ya mutu, har jikoki. Ga shi ba dama in ce a fasa, mai unguwa yana gefena. Sai na shiga roƙon Allah a zuci, ina cewa ya Ubangiji ka aiko da iska, ko yayyafi, ko kaji, wani abu dai ya ɓata sawun nan kafin mu isa." Ya yi murmushi, bakin ba haƙori. "Sai ya aiko da duba-gari."

Na yi dariya, hawaye yana zuba, ban san wanne ya riga wanne ba.

Har yau ban tabbata ba ko gaskiya Kawu ya faɗa, ko kuwa ya ga nauyin ya daɗe a kaina ne ya nemi hanyar sauke mini. Mutum ne da zai iya yin kowanne. Ko ma wanne ne, bai mayar da Baƙi turke ba, bai kuma mayar wa Kawu ƙarfin da ya zuba a gonar nan ba, don haka ban yarda in ɗauki kaina a matsayin amsar addu'ar kowa ba.

Darasin dai na ɗauka da wuri: in ka tarar da abu a rufe, akwai wanda ya rufe shi, kuma da wuya a ce ya fi ka wauta. Tambayi don me kafin ka ɗauko tsintsiya. Na yi sauran shekarun aikina ina tambaya, har abokan aiki suka gaji da ni, suka ce duba-garin nan ya koma tambayi-gari. Amma ranar nan a zaure, da tambaya ta zo mini har bakin leɓe, ƙafar wa ce, sai na haɗiye ta. Kawu ya rasu bai faɗi sunan ba. Ita kaɗai ce tambayar da ban yi ba a rayuwata kuma ban yi da-na-sani ba.